Daren da ƙararrawar sitona ta yi shiru



Masu shirya mujallar nan sun daɗe suna bina in rubuta wani abu, ni kuma ina ta zillewa, don ni ba marubuci ba ne. Ɗan kasuwa ne ni, sai ɗan limancin da nake taɓawa idan babban liman ya yi tafiya ko jiki ya ƙi. Amma akwai abin da ya same ni a farkon shekarar 2024 wanda da yawanku kun ji rabinsa a bakin shago ko a ƙofar masallaci, kuma rabin da kuka ji ba shi ne mai amfanin ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, har da wurin da ni kaina ban fita da kyau ba.

Duk wanda ya kwana biyu a Kwoi ya san citta ce ƙashin bayan garin nan. Manoman Ham su noma, su haƙa, su tsaga, su shanya, mu kuma mu saya mu tara, manyan motoci su zo su kwasa. Daga nan har Kachia da Kafanchan, citta ce ke biyan kuɗin makaranta, ita ke aurar da yara, ita ke rufa gini da kwano. Kun kuma san abin da ya faru a daminar 2023, lokacin da cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Na ga dattijon da ya zuba duk abin da ya mallaka a gona ya tsaya a bakin kunya yana hawaye. Abin da aka tsira da shi a waccan shekarar kaɗan ne, kuɗin buhu kuwa ya yi tashin da ban taɓa gani ba tun da na fara wannan sana'a. To abu idan ya yi tsada, ba mai saye kaɗai ke jin labarinsa ba, ɓarawo ma yana ji.

A sitona da ke bayan kasuwa akwai buhu talatin da huɗu na busasshiyar citta a lokacin. Ba duka nawa ba ne. Tara na wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, shida na wasu manoma biyu ne da suka ce in ajiye musu sai farashi ya ƙara kyau. Ba takarda tsakaninmu, ba shaida. Sun kawo ne kawai don sun ce wurin Liman ba a asara. Wannan kalma ta fi buhunan nauyi a kaina, har barci ya fara yi mini wuya.

Ɗana na biyu da ke aiki a Abuja ya zo hutun ƙarshen shekara, ya ga halin da nake ciki, sai ya ce, "Baba, ai yanzu an wuce zamanin kwana da ido ɗaya. Akwai ƙararrawa marar igiya, ko kana Makka aka taɓa ƙofar sito wayarka za ta yi ƙara." Ya kawo ta cikin kwali. Akwai wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da ake mannawa a ƙofa, da maganaɗisu a gefenta. Akwai uwar na'urar da ake sa wa sim. Akwai jiniya, akwai kyamara ƙarama da ya ɓoye a saman azara, tana haɗe da waifai. Cikin awa biyu ya gama kafawa, ba a fasa bango ba, ba a ja igiyar wuta ko taku ɗaya ba. Muka gwada. Ya buɗe ƙofa, jiniya ta ɗauki kuka har mai shayin bakin hanya ya zubar da kofi, wayata kuma ta yi ƙara a aljihu. Wallahi ranar na ji kamar na ɗauki sojoji goma aiki.

Daga nan sai na yi kuskuren farko. Na sallami tsohon da ke kwana a rumfar kusa da siton, wanda nake ba ɗan abin goro duk wata. Na ce a raina, me zai yi da na'ura ba za ta yi ba?

Wani dare cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa, wajen ƙarfe uku saura, wayata ta yi ƙara. Amma ba ƙararrawa ba ce. Maƙwabcin sitona ne, wani dattijo mutumin Ham, babba a cocinsu, wanda muka shafe shekara ashirin muna gaisawa. Yana haki ya ce, "Baba Liman, taso maza, an fasa maka sito." Kafin in isa da yarana biyu an gama. An datse kwaɗo biyu da almakashin ƙarfe, buhu goma sha ɗaya sun tafi. Da ba don shi ba, da ko tsintsiya ba za a bari ba. Karensa ne ya dame shi da haushi, ya leƙo ya ga mota ba fitila a ƙofar sito. Ya ce ya kira ni ya fi sau biyar, wayarsa ba sabis ko layi ɗaya, sai ya ɗauki taɓarya ya dinga dukan kwanon shagonsa yana ihu, suka ja mota suka gudu. Sai bayan sun yi nisa kiransa ya shiga.

Na ji maganar sabis ɗin, amma ban ɗauke ta a bakin komai ba. Na ce ai sabis ɗin namu kullum haka yake, yau akwai gobe babu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: me ya sa jiniya ba ta yi kuka ba? Na shiga na duba, uwar na'ura na nan fitilarta a kunne, batir cike. Na rufe ƙofa na buɗe, jiniya ta tsala ihu. Lafiyarta lau. To idan lafiyarta lau, ashe wani ne ya kashe ta kafin su zo, ya kuma mayar bayan sun tafi. Mutum uku ne suka san lambar kashewa a duniyar nan: ni, ɗana da ke Abuja, sai yaron shagona.

Yaron nan maraya ne. Shekara bakwai yana hannuna, ban taɓa ƙirga kuɗi a bayansa na ga gibin naira ɗaya ba. Amma shaiɗan ba ya rasa hujja. Na tuna ya sayi sabuwar waya a watan da ya wuce. Na tuna ya ce yana neman aure. Da gari ya waye na ce ya ba ni makullai. Ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya, ba ni kawai. Ya ciro ya miƙo da hannu biyu, bai ƙara cewa komai ba. Ban ce masa ɓarawo ba, amma da mutane suka zo jaje suna tambaya, sai in ce, "To, Allah dai Ya sani, amma na'ura ba ta kashe kanta." Kun san unguwarmu. Kafin la'asar maganar ta kai gidan yarinyar da yake nema.

Kwana tara aka yi a haka. Abin da ya fi ci mini rai, a kwanakin nan babban liman ba ya gari, ni nake jan salla, kuma duk asuba idan na juyo bayan sallama sai in gan shi a sahun farko, inda ya saba tsayawa. Ni da nake gaya wa mutane su guji mummunan zato, ga ni ina bacci da shi ina tashi da shi.

A waje kuma wata wutar ta fara hayaƙi. Wasu a cikinmu suka ce ai 'yan gari ne, sun ga Bahaushe ya tara kaya. Can cikin gari kuma aka ce ai yaran unguwar Hausawa ne suka ci na gida. Duk wanda ya rayu a kudancin Kaduna ya san inda irin wannan magana take kaiwa idan ba a taka mata birki ba. Mun ga abin da ya faru a Kafanchan da kewaye a 2011, ba sai an ba mu labari ba.

A rana ta tara ɗana ya samu zuwa, tare da wani abokinsa mai sana'ar kafa irin waɗannan na'urori. Abokin ya buɗe manhajar da ke wayata ya shiga wurin da ban taɓa sanin akwai shi ba, inda na'urar ke rubuta duk abin da ya faru da ita da lokacinsa. Ya ce, "Baba, dubi nan. An kunna ta ƙarfe takwas da kwata na dare. Daga nan ba wanda ya kashe ta har safe. Amma ƙarfe biyu da minti goma ta rasa sabis, bai dawo ba sai uku saura kwata." Sannan ya hau kan buhu ya sauko da kyamara, ya zaro wani ɗan memori daga cikinta, wanda ɗana ya sa tun ranar farko ya manta bai gaya mini ba. Kyamarar ta kasa turo hoto zuwa wayata a daren, amma ba ta daina ɗauka tana ajiyewa a cikinta ba.

Muka kalla a kwamfutarsa. Mutum uku, fuska a rufe. Na farkon da ya shigo yana rataye da wani ɗan akwati baƙi mai eriya da yawa a tsaye kamar yatsun hannu. Ya ajiye shi a kan buhu, suka shiga jida. Abokin ɗana ya nuna da yatsa ya ce, "Ga wanda ya kashe maka ƙararrawa, Baba. Jama ake ce masa."

Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane, kuma zan faɗa muku yadda na gane ɗin. Duk waɗannan na'urori marasa igiya da rediyo suke magana da juna. Mu da muka girma da jin labaran duniya a gajeren zango mun san kowace tasha da mitarta. To haka su ma. 'Yar na'urar ƙofa, irin mai arha da aka fi kawo mana, yawanci a kan megahaz 433 take magana. Waifai yana kan gigahaz 2.4. Layin waya na yau da kullum yana kan megahaz 900 da 1800, da wasu mitocin na daban. Shi jama ba ya buɗe komai, ba ya sanin lambar kowa. Hayaniya kawai yake zubawa a kan waɗannan mitoci, mai ƙarfin da ya fi muryar na'urorin. Kamar ka tsaya kusa da injin niƙa kana kiran yaro a tsallaken titi: bakinka na motsi, muryarka na fita, amma ba mai jin ka. A daren nan na'urar ƙofa ta yi kira, uwar ba ta ji ba. Da ma ta ji, ba ta da hanyar kirana, don layin ma an toshe. Shi ya sa wayar maƙwabcina ta mutu a hannunsa, ta kuma farfaɗo da motar ta yi nisa. Allah Ya aiko mini da amsa tun daren farko ta bakinsa, ni ne ban saurara ba.

Ya ce ba a nan kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu an daɗe ana fama da masu toshe rimot ɗin mota a wuraren ajiye motoci: ka danna ka tafi kana zaton ka kulle, alhali ƙofa a buɗe take. A Amurka ma, a farkon 2024 ɗin nan, 'yan sandan wani gari mai suna Edina a jihar Minnesota sun gargaɗi jama'a cewa ɓarayi na toshe waifai don makantar da kyamarorin gidaje kafin su shiga. Na ce ashe ciwon na duniya ne, ya dai iso Kwoi ne ta ƙofata.

Ban jira komai ba. Bayan sallar isha'i na roƙi jama'a kada su tashi. Na kira yaron nan gaba, na faɗi abin da aka gani, na ce na zarge shi a zuciyata kuma na bar harshena ya nuna shi, na zalunce shi, ina roƙon ya yafe mini a gaban waɗanda suka ji zargin. Na miƙa masa makullai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ban riƙe ka ba. Abin da ya dame ni kawai, na rasa wanda zan kai wa kuka, don kai ne ubana." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Washegari na tafi da ƙafata gidan iyayen yarinyar na wanke shi. Kuma na faɗa a masallaci, ina sake faɗa a nan: ban ga fuskar ɓarayin ba, ban san yarensu ba, ban san addininsu ba. Wanda na sani shi ne mutumin da ya fito cikin sanyi da taɓarya a hannu don ya tsare dukiyata, kuma kun san ko wane ne. Hoton na kai wa hukuma, aikinsu ne.

Buhu goma sha ɗayan nan na ɗauke su a kaina. Na matar nan da na manoma na cika musu cif daga nawa. Ban warke daga asarar ba har yau, amma ba wanda zai ce ya ajiye amana wurina ta yi ciwon kai.

Yanzu ga abin da na koya, don na san akalla gidaje da shaguna shida a unguwar nan sun sa irin wannan ƙararrawa bayan sun ga tawa. Ban ce ku cire ba. Ni ma ban cire ba, gyara na yi.

Na farko, ƙofar da ta fi muhimmanci a ja mata igiya. Na'urar ƙofa mai igiya zuwa uwar, jiniya mai igiya zuwa uwar. Jama ba ya iya komai da abin da ke tafiya cikin igiya. A binne ta a bango ko a sa ta cikin bututu ta ciki, inda almakashi ba zai kai ba. Kuɗin aikin bai kai na rabin buhu ba.

Na biyu, kafin ka saya ka tambayi mai sayarwa: idan aka toshe ta, tana ganewa? Masu arha irin tawa ta farko ba sa magana sai an buɗe ƙofa, don haka uwar ba ta bambance shirun lafiya da shirun shaƙewa. Masu kyau kuwa suna gaisawa da uwar lokaci bayan lokaci, idan gaisuwa ta yanke ko hayaniya ta yi yawa a kan mitar sai jiniya ta tashi. Wasu ma suna tsallakawa daga mita zuwa mita. Akwai kuma waɗanda kamfaninsu ke sauraron uwar daga nesa, da ta yi shiru sai a turo maka saƙo cewa an daina jin ɗuriyar na'urarka. A Turai akwai ƙa'idar ƙararrawa da ake kira EN 50131, mai matakai. Abokin ɗana ya ce in nemi mai mataki na 2 ko sama. Idan mai kaya ya kasa amsa wannan tambaya, riƙe kuɗinka.

Na uku, jiniya ta kasance a waje, a sama, da batirinta, yadda unguwa za ta ji ko da wayarka ba ta ji ba. Na huɗu, kowace kyamara a sa mata memori, a kuma ɓoye ta. Wannan ɗan abu da bai kai farcen yatsa ba shi ya wanke maraya. Na biyar, uwar na'ura kada a kafa ta a bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara gani, kuma a haɗa ta da batir ko sola, don kun san halin wutarmu.

Na shida, kada ka jingina da sabis shi kaɗai, ko da ba ɓarawo. Sim biyu na kamfani daban sun fi ɗaya idan layi guda ya faɗi, amma jama mai ƙarfi yana iya haɗiye su duka. Ku tuna a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna da kanta ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, har kusan ƙarshen Nuwamba, bayan Zamfara ta riga ta yi haka a farkon watan Satumban. Wanda tsaronsa duka ke rataye a sim, a irin wannan lokaci ba shi da komai.

Na bakwai, wannan na kowa ne, har wanda ba shi da ƙararrawa. Idan cikin dare ka ga sabis ya ɗauke ɗif a duk wayoyin gidanka lokaci guda, ga kare na haushi ko ga motsin da ba ka gane ba, kada ka juya ka ci gaba da bacci. Kada kuma ka fita kai kaɗai ka tunkare su, rai ya fi citta. Yi hayaniya daga inda kake: usur, kwano, ihu. Jama ba ya toshe kunnen maƙwabci.

Akwai wani abu da zan ƙara, don ya shafe mu a masallaci. Shekarun baya, da ƙarar wayoyi ta ishe mu a cikin salla, wani ya kawo shawara a sayo irin wannan na'ura a kafa, kowa ya huta. A lokacin har na so in goyi baya, kuɗi ne ya hana. Yau na gode wa Allah da ba mu saya ba. Na'urar ba ta san iyakar bangon masallaci ba. Za ta toshe wayar matar da naƙuda ta kama a gidan da ke jikinmu, da ta mai neman a kawo masa ɗauki. Ga shi kuma mitocin nan a hannun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa suke, doka ba ta ba kowa damar toshe su don ra'ayin kansa ba. Mai waya ya kashe wayarsa da hannunsa, shi ke nan.

Tsohon da na sallama na je na ba shi haƙuri, ya dawo rumfarsa, na ƙara masa abin goro, na saya masa usur da tocila. Ƙofar sito mai walda ya yi mata akwatin ƙarfe da ya rufe kwaɗon, almakashi ba ya samun wurin kamawa. Ni da maƙwabcina da masu shaguna huɗu na layin mun yi alkawari: duk wanda ya ji dukan kwano cikin dare, ya amsa da nasa. Mun sha jin cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ni na ɗaure nawa, sai dai da igiyar da ban san ƙarfinta ba, na kuma kwance tsohuwar da na sani.

Duk wanda ke da irin wannan ƙararrawa a unguwar nan, ya same ni a shago bayan la'asar, mu je tare in nuna masa inda ake duba abin da na'ura ta rubuta. Yaron nawa ya fi ni iyawa yanzu, shi zai nuna muku. An ɗaura masa aure bayan ƙaramar salla, ni na tsaya masa a matsayin uba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinSa, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.